Tarihin Adudu da Akwati da Kabad a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ƙasar Funtuwa da ta Malumfashi suna kudancin Katsina, wajen da ta yi iyaka da Zazzau da Kano da Zamfara. Ƙasa ce mai laka, ruwan sama kuma ya fi sauka a nan bisa ga arewacin Katsina, saboda haka tun zamanin da dawa da auduga su ne ƙarfin mutanenta. Tsofaffin garuruwanta irin su Maska da Gozaki sun yi suna wajen noman auduga da saƙa tun kafin Jihadi. Hakimin Funtuwa shi ke riƙe da sarautar Sarkin Maska, na Malumfashi kuwa shi ne Galadiman Katsina. Labarin sarakuna da yaƙe-yaƙensu yana cikin littattafai, amma labarin abin da mutane ke ajiye dukiyarsu a ciki, tun daga adudu har zuwa kabad mai gilashi, ba safai a kan rubuta shi ba.

Wanda ya bi labarin nan daki-daki zai ga abu guda. Duk sa'ad da hanyar samun kuɗi ta sake a gona, sai ɗakin mace ya sake kama. Amma aikin da kayan ɗaki ke yi mata yana nan yadda ya ke, watau su ne taskarta, abin da za ta dogara a kansa ran da zamani ya juya.

Zamanin ƙwarya da adudu

Kafin zuwan Turawa yawancin ɗakunan ƙauye kewayayyu ne, ginin ƙasa da jinkar ciyawa. Abokan gaban kaya a irin ɗakin nan huɗu ne: gobara, da gara, da ɓera, da mahara. Ko wane irin mazubi da mutanen da suka ƙago, in aka duba, za a ga an yi shi ne don tsare kaya daga ɗaya cikin huɗun nan.

Hatsi yana waje, cikin rumbu ko rufewa, an ɗora su bisa duwatsu don kada gara da damshi su kai gare su. Wannan ajiyar maigida ce. A cikin ɗaki kuwa ajiya ta mace ce. Abinci da nono da man shanu a kan sa su a ƙwarya, a rufe da faifai, a rataye a ragaya, inda ɓera da yaro ba su kaiwa. Don haka Hausawa ke cewa ƙwarya tagari tana ragaya. A jikin bango akwai alkuki, wurin ajiye fitila da ƙananan abubuwa irin su tandun kwalli da battar turare. Auduga da mazari da abawa suna cikin lefe ko taskira, kusa da inda mace ke zama ta yi kaɗi.

Babbar dukiya a lokacin tufafi ne, gama tufa ba ta ruɓa da wuri, kuma ko wace kasuwa aka kai ta sai ta sami mai saye. Saƙi da gwado da barage da zanen tsamiya a kan naɗe su a sa a adudu. Shi adudu saƙa shi a ke yi, a yi masa marfi mai shiga daidai, wani kuma a lulluɓe shi da jar fata don ya daɗe. Ba shi da nauyi. In aka ji kururuwar mahara, kamar yadda a kan ji a ƙarni na 19 sa'ad da Maraɗawa ke kawo hari kudancin Katsina, mace na iya ɗaukar adudunta a ka, ta goya ɗanta, ta gudu cikin gari mai ganuwa. Waɗansu matan kuma su kan zuba zannuwa da munduwa da murjani cikin babbar tukunya su rufe bakinta, don in wuta ta ci jinka, sau da yawa abin da ke cikin tukunya ya kan tsira.

Abin da a ke nunawa a fili shi ne jere. A gefen ɗaki, daura da ƙofa, a kan girka manyan tukwane, a ɗora masaki a kai, a bi shi da ƙore ƙanana bisa manya har su yi tsini. Ana goge su da farar ƙasa, waɗansu an yi musu zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Kusa da su ga baƙaƙen akusa na masassaƙa, ga faya-fayai masu launi a jikin bango. 'Yar mai hali a kan ƙara mata tasoshin tagulla, waɗanda fatake ke kawowa daga Bida da Kano, ta riƙa goge su da toka da tsamiya har su yi ƙyalli. Matan Filani da ke zaune a ƙasar su ma jeren ƙore shi ne adonsu da alfaharinsu. Ƙwarya ba a yar da ita don ta tsage, sai a kai wa gyartai ya ɗinke.

Dalilin jere

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa mutanen da ke ɓoye dukiya don tsoron mahara su ne kuma ke jera ta a fili kowa ya gani? Amsa tana cikin shari'a da al'ada.

A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce. Sadakinta nata ne, abin da iyayenta suka kawo ta da shi nata ne, abin da ta samu ta wajen kaɗi ko sayar da fura da ƙuli-ƙuli shi ma nata ne, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. In aure ya mutu ta kwashe kayanta, in ta rasu su shiga gadonta. Malaman mazhabar Malikiyya kuma sun ce in miji da mata suka yi jayayya a kan kayan gida, babu shaida, to, abin da aka san na mata ne a al'ada a kan bar wa mace bayan ta rantse. Saboda haka ran da aka kai amarya, 'yan jere suka shirya ɗaki, matan dangin miji da na unguwa suka shigo kallo, ba kallo kaɗai a ke yi ba. Ana ƙirgawa ne. Ko wace mace da ta fita ta zama shaida, ta san tasa nawa aka kawo, ta san zane nawa ke cikin adudu. A zamanin da ba kowa ya iya rubutu ba, jere shi ne takardar shaida.

Tara kayan kuma ba aikin rana ɗaya ba ne. Uwa ta kan fara tun yarinya tana ƙarama, daga ribar sana'arta, da tallan da yarinyar ke yi, da adashi. In biki ya matso ƙawayen uwa su kawo gudummawa, ita ma ran nasu ta mayar, sau da yawa har da ƙari. Uba ya yi gado da abin da ya sawwaƙa. Wata tsohuwa da a ke kira Baba ta Karo, wadda ta yi zamanta a ƙasar Kano da ta Zazzau, maƙwabtan wannan ƙasa, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta bayyana yadda mata ke taimakon juna wajen biki da kayan aure tun kafin zuwan Turawa, kuma abin da ta faɗa bai yi nisa da al'adar Funtuwa da Malumfashi ba.

Jirgi da auduga da akwati

Turawa sun karɓi Katsina a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, sa'an nan aka ja wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Masu masaƙu na birnin Mancesta a Ingila suna bukatar auduga, tun 1902 suka kafa kamfanin B.C.G.A. don neman ta. Kamfanin nan ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka kawo wata irin auduga ta Amurka da a ke kira Alan, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa. Funtuwa, wadda da ƙaramin gari ce, ta cika da baƙi, 'yan kasuwa da leburori da ma'aikatan jirgi daga ko'ina.

Abin da wannan ya jawo wa ɗakin mace shi ne kuɗi. Da wuri a ke ciniki, shi kuwa wuri nauyi gare shi, sai a buhu. Yanzu sai ga sule da kwabo da anini, daga baya ga takardar fam. Manomi ya kai audugarsa fuloti da kaka, a auna, a biya shi nan take. Ya fid da haraji, abin da ya rage ya nufi kanti, gama kamfanoni irin su U.A.C. da Janhol sun buɗe kantuna a garuruwan da jirgi ke tsayawa. Don haka har wa yau kaka ita ce lokacin aure, ita ce kuma lokacin cinikin kayan ɗaki.

To, sule da takardar fam ba su zama lafiya cikin adudu, don ba a kulle shi, ɓera kuma na iya huda shi. Ga kuma wata sabuwar ajiya da kakanni ba su sani ba, watau takardar haraji, da ta jangali, da rasiɗi iri iri, waɗanda in suka ɓace mutum ya shiga wahala. Daga nan akwati ya sami shiga. Da farko akwatunan da kayan kanti ke zuwa a ciki su a ke gyarawa, a sa musu marfi da kwaɗo. Sa'an nan kafintoci suka fara ƙera na musamman.

Kafinta dabam ne da masassaƙi. Masassaƙi gungume guda ya ke fafewa da gizago, ya fid da turmi ko akushi ko kujerar mata. Kafinta kuwa sai an tsaga itace ya zama katako, ya auna, ya yanka da zarto, ya haɗa da ƙusa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a, har da kafinta. Daga baya ma'aikatun En'e da na jirgi suka horar da waɗansu, ga kuma kafintoci 'yan Kudu da suka biyo jirgi suka zauna. Itacen da suka fi so shi ne maɗaci, gama yana da ƙarfi, yana da ja mai kyau, yana kuma karɓar guga. Akwatin maɗaci na lokacin nan nauyi gare shi, a ciki ta gefe ɗaya akwai ɗan ƙaramin aljihu mai marfi don kuɗi da 'yan kunne. Bayansa aka sami akwatin ƙarfe mai fenti, wanda gara ba ta ci, sa'an nan fantimoti na matafiya da alhazai. Kayan da ango ke kai wa amarya suka tashi daga cikin lefe suka koma akwati, amma sunan bai tashi ba, har gobe lefe a ke cewa.

Zamanin kwano

Babban abin da ya sake kamannin jere shi ne kwano mai fenti. Da fari daga ƙasashen Turai a ke kawo shi, daga baya Japan ta shigo cinikin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masana'antun Hong Kong suka mamaye kasuwar Afirka ta Yamma da kwanuka masu araha, masu zanen fure ja da kore da shuɗi. Da ciniki ya kankama sai aka fara yin su a nan gida, aka kafa masana'antar kwano a Ikeja ta Ikko a 1960, aka kuma kafa a Kano. Mata suka ba ko wane iri sunansa, ga langa, ga fanteka, ga kumbo, ga kwalla, ga daro, daga baya ga samira mai marfi da hannu, wadda ke zuwa jeri guda daga babba zuwa ƙarama.

Waɗansu maza na lokacin sun ɗauki tara kwano wauta ce, suna cewa ina amfanin kwanon da ba a cin tuwo a ciki? Amma matan sun san abin da su ke yi. Mace mai kulle ba ta zuwa banki, bankin ma babu shi a ƙauye. In ta ajiye tsabar kuɗi, kullum akwai mai zuwa rance, ko miji, ko ɗan'uwa, ga shi kuwa hana su da wuya. Akuya da tunkiya dukiya ce, amma cuta na iya kashe su dare ɗaya. Kwano fa ba ya ci, ba ya sha, gara ba ta taɓa shi, in dai ba a yi aiki da shi ba fentinsa bai ɓare ba, yana nan sabo shekara da shekaru. Abu mafi amfani kuma, ana iya sayar da shi ɗai-ɗai. In yaro ya kwanta ciwo, ko hatsi ya ƙare da marka, sai a kira dillaliya a ba ta langa biyu, bukata ta biya, sauran jere na nan. In kuwa Allah ya tsare, kwanukan uwa su ne farkon jeren 'yarta.

Da farko a jikin bango a ke kafa faranti da ƙananan kwanuka, a liƙa su tun daga bisa gado har kusa da rufi, manya kuwa a jera su a ƙasa ko bisa kanta. Baƙon da ya shiga ɗakin amarya da fitila da dare sai ya ga bango duka yana walƙiya. Gadon ƙasa da na kara suka ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri, a ɗora masa katifu da matasai har ya yi tsawo, akwatuna kuma su shige ƙarƙashinsa.

Zuwan kabad

Kabad bai shiga ɗakin mace ba sai da ɗakin kansa ya sake. Kewayayyen ɗaki ba ya karɓar kabad, domin bayansa miƙaƙƙe ne, bango kuwa a lanƙwashe, ƙofar ma ba ta isa a shigar da shi. Sai da mutane suka koma gina ɗaki mai kusurwa huɗu, da rufin kwano, da daɓen siminti, da ƙofa mai faɗi, kana ya sami wurin tsayawa. Ya fara ne daga gidajen sarakuna da attajirai da ma'aikata, waɗanda suka ga irinsa a ofis da gidajen Turawa ana ajiye takardu da tangaran. Mata suka ga zai raba su da wahala biyu. Ta farko, ƙurar hunturu, wadda ke sa a sauke jere duka a goge a mayar. Ta biyu, hannun yara da na baƙi. Bayan gilashi ido na gani, hannu ba ya kaiwa, makulli kuwa yana ƙulle a bakin zane.

Tsohon kabad hawa biyu ne. Na sama shi ne mai ƙofofin gilashi, da kanta uku ko huɗu a ciki, wani a sa masa madubi ta baya don kwanuka su yi kamar sun ninka. Na ƙasa mai ƙofofin katako ne, nan a ke sa zannuwa da abin da ba a so a gani. A tsakani akwai durowa biyu ko uku. Yana da ƙafafu huɗu da ke ɗaga shi daga ƙasa saboda damshi da gara, a ka kuma a kan jera manyan kwalla da fanteka waɗanda ciki bai ɗauka ba. Watau a jikin abu guda an haɗa ayyukan da a da aka raba, sama tana aikin jere, ƙasa tana aikin adudu. Da itatuwan gida suka yi ƙaranci sai jirgi da manyan motoci suka riƙa kawo katako daga kurmin Kudu, da falle-fallen katako irin wanda a ke yi a Sapele. Daga baya kafintoci suka koyi manna masa fomika mai santsi, fara ko mai ruwan itace.

Shekarun da kabad ya bazu ƙauyuka su ne shekarun da kuɗi suka yawaita. A 1973 naira ta maye gurbin fam, kuɗin man fetur kuma suka fara shigowa da yawa. A 1974 aka yi ƙarin albashin nan da a ke kira Udoji, ma'aikata suka karɓi ariya a dunƙule. A 1975 kuma aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Shirin nan ya kawo takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin ƙauye, har masara, wadda da a bayan gida a ke shuka ta don gashi, ta zama amfanin sayarwa buhu-buhu. Hanyar da motar taki ta bi ta shiga ƙauye, ita motar kayan amarya ta bi. Cikin 'yan shekaru sai ya zama abin kunya a kai yarinya ɗaki ba kabad, waɗansu ma biyu a ke yi musu, a ƙara da sif na rataye tufafi.

Da taska ta zama nauyi

A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, darajar naira kuma ta faɗi. A shekarun da suka biyo baya masaƙun Kaduna da na Kano suka yi ta rufewa, cinikin auduga ya ja baya. Kuɗi suka yi wuya, amma al'adar da aka saba a lokacin yalwa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. Kwano mai fenti ya zama tsohon yayi. Tangaran da kofunan gilashi da kula da kayan roba suka hau kanta. Aka koma sayen gado da sif da madubi da kabad da kujeru gaba ɗaya, launi guda.

A nan ne wani abu ya ɓace wanda ba kowa ya lura ba. Yawancin kayan yayi na baya-bayan nan ba da katako na gaske a ke yin su ba, da garin katako ne da aka matse da gam, aka rufe da leda mai sheƙi. Ran biki sun fi na da kyau nesa. Amma in ruwa ya taɓa ƙasansu sai su kumbura, in aka kwance su aka sake ɗaurawa sau biyu sai ƙusa ta ƙi kamawa. Tangaran in ɗaya ya fashe sauran sun rage daraja. Ga yayi kuma ba ya daɗewa. Mace ta da in ta shiga matsi ta sayar da tasa ɗaya. Ta yanzu sai ta sayar da gado ko kabad ɗungum, da kuɗin da bai kai abin da aka saya ba ko kusa. Uba kuwa sau da yawa sai ya sayar da hatsin da gida zai ci, ko sa na huɗa, ko ya jinginar da gona, don kada a yi wa 'yarsa gori a gidan miji. Nauyin nan ya kai har da gwamnatin Jihar Kano ta shirya aurar da zawarawa a 2012, sai da ta ɗauki nauyin kayan ɗaki, gama rashinsu na cikin abin da ke hana aure. Magabata sun riga sun faɗa, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci. A 2019 da 2020 'yan bindiga sun tsananta hari a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, mutane da yawa suka bar gidajensu suka nufi manyan garuruwa. Matan da suka gudu ba su ɗauki kabad ba, ba su ɗauki sif ba, sai abin da ya shiga ƙunshin zane. Abokin gaba na huɗu, wanda aka zaci ya tafi tare da zamanin ganuwa, ya komo ya tarar dukiyar mata ta yi nauyin da ba ta ɗaukuwa. Ba mamaki da mata masu dabara ke mai da wani kashi na abin da suka tara ya zama 'yan kunne da sarƙar zinariya, abin da ke shiga tafin hannu, kuma a ke iya sayarwa ko'ina. Hikimar mai adudu ke nan ta komo da sabuwar riga.

Tsofaffin da suka rage

Har yanzu a gidaje da yawa akwai tsohon akwati ko kabad a jingine a zaure ko a ɗakin tarkace, kaji na ƙwai a ciki. Tasoshin tagulla kuwa 'yan gwangwan na bi gida gida suna saye bisa nauyi, a kai a narke. Abin da aka narkar ba ya komowa. A Gidan Makama na Kano, inda a ke ajiye kayan tarihi, ana nuna irin kayan gidan nan na da, baƙi na zuwa daga nesa su kalla, alhali kuwa irinsu na lalacewa a bayan ɗakunan mutane.

Gane tsohon aiki na ƙwarai ba shi da wuya. A ɗaga shi, in katako ne na gaske za a ji nauyi. A duba bayansa da ƙarƙashin durowa, inda ba a shafa fenti ba, maɗaci ja ne, kuma za a ga sawun abin gugar kafinta. A duba kusurwa, gwanin kafinta ya kan sassaƙa katako ya shiga cikin ɗan'uwansa, ba ƙusa kaɗai ke riƙe da shi ba. Kiyaye shi ma ba ya cin kuɗi. A janye shi kaɗan daga bango, a ɗora ƙafafunsa bisa dutse ko bulo, a duba bayansa da damina ko gara ta fara gini, kada a bar shi inda rufi ke yoyo ko inda rana ke dukansa. In gilashi ya fashe a sake wani, in ƙofa ta saki kafinta ya gyara. Sau da yawa kabad ɗin kaka da aka goge aka shafa wa mai zai riga sabon na jika tsufa da kyau, ya kuma bi shi da kallo ran da aka fitar da shi. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Abu na ƙarshe ya rataya ne a wuyan wanda Allah ya ba ilmin karatu da rubutu. Shaidun jeren da tsofaffi ne, kullum kuwa raguwa su ke yi. In akwai tsohuwa a gida mai akwati ko kabad ko tasa, ya kamata a zauna a tambaye ta, wa ya saya mata, a wace kasuwa, wane kafinta ya ƙera, a zamanin wane sarki, ko na Dikko wanda ya rasu a 1944, ko na Usman Nagogo wanda ya rasu a 1981, da kuɗin auduga ne ko da na masara. A rubuta amsar a takarda, a manna ta cikin marfin akwatin ko bayan ƙofar kabad ɗin. Haka kuma ran da za a kai yarinya ɗaki, a rubuta abin da aka kai ta da shi, ta riƙe takarda ɗaya, iyayenta su riƙe ɗaya. Wajen saye kuma iyaye su yi wa ko wane abu tambayar da matan da ke yi wa tasa da langa: in rana ta ɓaci, nawa wannan zai fid da ita? Allah ya rufa asirin iyaye, ya ba 'ya'ya zaman lafiya a ɗakunansu, amin.